Ɗora CMS a Kan Tsohon Shafin Intanet: Abin da Ya Kamata 'Yan Kasuwar Fagge da Sabon Gari Su Sani

Akwai wata magana da ke yawan haɗa masu shaguna, makarantun kuɗi, asibitoci da otal-otal na Fagge da Sabon Gari da matasan da ke gina musu shafukan intanet. Mutum ya biya an yi masa shafi shekarun baya. Yau farashi ya canza, lambar waya ta canza, wani ma shagon ya tashi daga layin da yake, amma shafin yana nan yadda aka bar shi ranar da aka gama. Idan ya nemi gyara, sai a ce masa maganin abin shi ne a sa masa CMS.

Daga nan ruɗani yake farawa. Wani yana ganin dabara ce kawai ta sayar masa da sabon shafi. Wani ya ji an ce manhajar kyauta ce, don haka bai ga dalilin biyan ko sisi ba. Wani kuma ya ɗauka da zarar an ɗora ta, masu saye za su yi ta kwararowa. Duka ukun sun kauce wa gaskiyar lamarin. Abin da CMS ke canzawa shi ne wanda ke da ikon taɓa abin da ke cikin shafi, kuma wannan iko yana zuwa ne da nauyi da kuma kashe kuɗi.

Ma'anar kalmomin da ake amfani da su

Shafin intanet tarin rubutu ne da hotuna da umarnin kwamfuta da aka ajiye a kan wata babbar na'ura mai aiki dare da rana, wadda ake kira saba. Hayar wuri a kan wannan na'ura ita ce hostin, kuma galibi duk shekara ake biya. Sunan da ake bugawa a isa shafin, wanda ke ƙarewa da .com ko .ng ko .com.ng, shi ne domen. Shi ma haya ce ta shekara-shekara. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da sunayen da ke ƙarewa da .ng.

Yawancin tsofaffin shafukan da ake magana a kansu tsayayyu ne. An rubuta kowane ɓangare da hannu cikin yaren tsara shafi da ake kira HTML, rubutu da zane duk a cakuɗe a fayil guda. Irin wannan shafi kamar allon da mai fenti ya rubuta ne a ƙofar shago: yana da kyau, yana daɗewa, amma ko lamba ɗaya za a canza sai an sake kiran mai fenti.

CMS haruffan farko ne na sunan manhajar da Turanci, kuma ma'anarsa tsarin sarrafa abin da ke cikin shafi. Aikinta shi ne raba abubuwa biyu da a da suke haɗe. Rubutu, farashi da sunayen kaya suna shiga rumbun bayanai. Zane, launi da tsarin yadda abubuwa ke jeruwa suna zama a wani wuri dabam da za a iya kira rigar shafi. Duk lokacin da baƙo ya buɗe shafin, manhajar ce ke ɗebo bayani daga rumbu ta sanya masa riga ta nuna. Mai shafi kuma yana da ƙofar baya, inda yake shiga da suna da kalmar sirri ya yi gyara ba tare da ya san HTML ba. Akwai kuma fulogin, wato ƙananan manhajoji da ake liƙa wa CMS don ƙara mata wani aiki, kamar karɓar kuɗi ko fom ɗin neman shiga makaranta.

Saboda haka, ɗora CMS a kan shafin da ke akwai yana nufin a bar sunan shafin yadda jama'a suka san shi, a riƙe abin da ke da amfani a cikinsa, sannan a sa masa wannan ƙofar baya.

Asalin lamarin

Tim Berners-Lee ne ya ƙirƙiro yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN da ke Suwizalan tsakanin 1989 da 1991, kuma shafukan farko duk da hannu ake rubuta su. Da jaridu da jami'o'i suka fara tara dubban shafuka, sai aikin hannu ya gagara. Daga nan manhajojin sarrafa shafi suka fito. Drupal ta bayyana a 2001 daga hannun Dries Buytaert ɗan ƙasar Beljiyam. Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar da WordPress a watan Mayun 2003. Joomla ta biyo baya a 2005. Duka ukun buɗaɗɗun manhajoji ne, kowa na iya saukewa ya yi amfani da su ba tare da sayen lasisi ba.

A yau WordPress ce ke kan gaba da rata mai yawa, domin fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke. Ko shafin Fadar White House ta Amurka, wanda ya koma kan Drupal a 2009, an mayar da shi WordPress a 2017. Wannan misali yana nuna cewa canza manhajar da ke ƙarƙashin shafi ba tare da canza sunansa ba abu ne da aka saba yi, manya da ƙanana.

Me ya sa maganar ta yi ƙarfi a wannan yanki

Ƙaramar Hukumar Fagge ita ce cibiyar cinikin Kano. A nan Kantin Kwari take da atamfa da shadda da leshi, ga Kasuwar Singa ta kayan masarufi, ga Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi da aka fi sani da Kasuwar Sabon Gari, ga masu waya da kwamfuta na Titin Beirut, ga shagunan Titin Faransa. Masu saye suna zuwa daga Nijar, Chadi, Kamaru da kudancin Nijeriya, kuma da yawansu suna son ganin kaya da jin farashi kafin su hau mota. Dalilai biyar ne suka sa tsayayyen shafi ya daina biyan buƙata a irin wannan wuri.

Na farko, farashi ya daina zama wuri ɗaya. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yunin shekarar, dalar da ake canzawa a wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Ɗan kasuwar da kayansa daga waje suke zuwa ba zai iya jiran mai gina shafi duk lokacin da farashi ya motsa ba.

Na biyu, ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, lokacin canjin fasalin naira, ya koya wa jama'a tura kuɗi ta waya. Wanda ya saba biya ta waya ba ya jin nauyin yin oda ta waya.

Na uku, shaguna suna tashi. Gobarar da ta cinye babban ɓangare na Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ta tarwatsa 'yan kasuwa masu yawa zuwa wasu wurare. A 2024 kuma aka tilasta wa masu sarin magunguna barin yankin Sabon Gari zuwa cibiyar da aka gina musu a Dangwauro. Shafin da har yanzu yake nuna tsohon adireshi yana aika mai saye inda ba kowa.

Na huɗu, fasahar kanta ta wuce tsofaffin shafuka. An gina su ne don allon kwamfuta, alhali yanzu kusan kowa da waya yake shiga. Tun watan Yulin 2018 manhajar Chrome ke yi wa shafin da ba shi da makullin tsaro na HTTPS tambarin cewa ba amintacce ba ne. An kuma daina tallafa wa manhajar Flash a ƙarshen 2020, don haka duk hoto mai motsi da aka yi da ita ya mutu.

Na biyar shi ne wanda aka fi kuka da shi. Sau da yawa wanda ya gina shafin ɗalibi ne ko ɗan'uwa da ya yi a matsayin taimako. Ya gama karatu, ya tafi bautar ƙasa ko ya sami aiki a wani gari, kuma kalmar sirrin hostin da domen duk suna hannunsa.

Hanyoyi huɗu na yin aikin

Ba hanya ɗaya ake bi ba, kuma rashin sanin haka ne ke sa mai shafi ya ji farashi biyu masu nisa da juna ya ɗauka ɗaya daga cikin masu aikin yana son cutarsa.

Hanya ta farko ita ce ƙaura gaba ɗaya. Ana ɗaukar zanen tsohon shafi a mayar da shi riga ta WordPress ko Joomla ko Drupal, sannan a kwashe rubutu da hotuna a zuba a rumbun bayanai. Baƙo zai ga kusan abin da ya saba gani, amma abin da ke ƙarƙashi sabo ne. Wannan ita ce ta fi dacewa da wanda komai na shafinsa ke canzawa, kuma ita ta fi cin aiki a farko.

Ta biyu ita ce ɗorawa a gefe. Ana barin tsohon shafi yadda yake, a buɗe sabon sashe guda, misali na labarai ko na jerin kaya, a sa CMS a nan kaɗai. Makarantar da tarihinta da hotunan gininta ba sa canzawa, amma tana fitar da sanarwar komawa hutu da ranar jarrabawa, wannan ya ishe ta. Illarta ita ce an zama ana kula da abubuwa biyu, kuma idan ba a yi aikin da kyau ba sai sashen ya fita dabam da sauran shafin.

Ta uku ita ce CMS mara fuska. A nan manhajar ba ta nuna wa baƙo komai, ajiyar bayani kawai take yi. Tsohon shafi ne ke miƙa hannu ta wata ƙofar musayar bayanai da ake kira API ya ɗauko abin da yake so. Strapi, Contentful da Sanity na cikin irin waɗannan, kuma ita ma WordPress tana iya yin haka tun ƙarshen 2016. Amfaninta shi ne rubutu ɗaya zai iya fita a shafi da kuma manhajar waya a lokaci guda. Amma tana buƙatar ƙwararren mai rubuta manhaja, kuma ba kowane mai gina shafi ne zai iya gyara ta idan wanda ya yi ta ya tafi ba.

Ta huɗu ita ce ƙaramin gyara. Akwai manhajoji marasa nauyi, irin su CouchCMS, da aka yi su musamman don a yi wa wasu wurare na tsayayyen shafi alama, a ce nan da nan ne kaɗai mai shafi zai iya canzawa. Otal ɗin da ba ya buƙatar komai sai canza kuɗin ɗaki da lambar waya ba sai ya ɗauki babbar manhaja ba.

Yadda abin yake a aikace

A ɗauki misalin dilan atamfa a Kwari da sabon zane ya iso masa da safe. A tsohon tsari, yaron shago zai ɗauki hoto ya tura wa mai gina shafi ta WhatsApp, ya bi shi da kira, shi kuma sai ya sami wuta da lokaci ya buɗe kwamfuta, ya gyara fayil, ya ɗora. Kafin nan wataƙila rabin dilar ya tafi. A sabon tsari, yaron zai shiga ƙofar baya daga wayarsa, ya danna wurin ƙara kaya, ya rubuta sunan zanen, kamfanin da ya yi shi, launukan da ake da su da kuɗin turmi, ya sa hoto, ya ajiye. Maigidan shago ya duba daga tasa wayar ya amince, kayan su fito. Idan zanen ya ƙare, dannawa ɗaya ce za ta nuna cewa babu.

Wannan rabon matsayi na cikin manyan amfanin CMS. Ana iya ba wani ikon rubutawa kawai, wani ikon wallafawa, a bar ikon taɓa manhajar kanta a hannun mutum ɗaya ko biyu. Wurin da kowa ke shiga da kalmar sirri ɗaya, ranar da aka sallami yaro ɗaya, shafin gaba ɗaya yana cikin haɗari.

Inda aka fi yin tuntuɓe

Matsala ta farko ita ce fara aiki ba tare da ajiye kwafi ba. Kafin a taɓa komai, wajibi ne a kwafe tsohon shafi gaba ɗaya a ajiye a wuri dabam, sannan a yi sabon aikin a shafin gwaji da jama'a ba sa gani. Mai aikin da ya fara rushe shafin da ke raye kafin ya gama sabon, ya jefa mai shi cikin kasada.

Matsala ta biyu ita ce adireshin ciki. A tsohon shafi, sashen atamfa yana iya ƙarewa da atamfa.html, a sabon kuma ya koma kaya/atamfa. Google ya riga ya san tsohon, masu saye sun tura wa juna shi, wataƙila ma an buga shi a jikin leda ko kalanda. Idan ba a sa umarnin juyawa ba, wanda masu sana'ar ke kira 301, duk wanda ya bi tsohon adireshi zai tarar da saƙon 404, ma'ana babu shafin. Ta haka ake zubar da matsayin da shafi ya yi shekaru yana tarawa a sakamakon bincike.

Ta uku ta shafi masu rubutu da Hausa kai tsaye. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ da ƙ, suna lalacewa idan tsarin adana haruffa na tsohon shafi da na sabon rumbu bai zo ɗaya ba. Sai a ga kalmar ƙasa ta koma Æ™asa, ɗaki ya koma É—aki. Maganin shi ne a tabbatar komai yana kan tsarin UTF-8 tun daga farko, kuma a zaɓi salon rubutun da ke ɗauke da waɗannan haruffa, domin wasu salon masu kyan gani ba su da su. Islamiyya ko kantin littattafan addini da ke sa Larabci ko ajami suna buƙatar a gwada cewa rigar shafin tana iya jera rubutu daga dama zuwa hagu. Wanda ke da masu saye daga Maraɗi, Damagaram ko Injamena kuma zai so sashen Faransanci, kuma gara a faɗi haka tun kafin a fara.

Ta huɗu ita ce nauyin hoto. Hoton da wayar zamani ke ɗauka yana kai megabait uku zuwa biyar. A jera irinsa talatin a shafi guda, an cinye wa mai saye data kafin ya ga turmi na biyar, kuma a cikin cunkoson kasuwa inda sabis ke rauni shafin ba zai ma buɗe ba. Dole a saita manhajar ta riƙa rage nauyin hoto da kanta, a kuma gwada shafin da ƙaramar waya a cikin kasuwar, ba a ofis mai intanet mai ƙarfi kaɗai ba.

Ra'ayoyi mabambanta

Masu goyon baya suna cewa shafin da mai shi ba zai iya gyarawa ba, ba nasa ba ne da gaske. A ganinsu, kuɗin da ake biya duk lokacin da za a canza layi ɗaya, da asarar da tsohon bayani ke jawowa, sun fi kuɗin ɗora CMS sau ɗaya.

Wasu 'yan kasuwa kuma suna ganin duk wannan wahala ce da ba ta da dalili. Cinikinsu a WhatsApp, Facebook, Instagram da TikTok yake tafiya, kyauta, kuma a nan jama'a suke. Maganarsu tana da ƙarfi, domin ga mai ƙaramin shago waɗannan kafafe sun fi kowane shafi kawo mai saye. Sai dai kafar wani ba taka ba ce. A ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook, WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan sa'o'i shida a duk duniya. Gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Ana kuma rufe asusu ko a sace shi, mabiyan da aka tara su tafi a dare ɗaya. Ban da haka, neman zanen da aka sa watanni uku baya a cikin tarin hotunan WhatsApp aiki ne, alhali a shafi mai tsari bincike ɗaya ne.

Akwai ra'ayi na uku daga wasu masu sana'ar kansu, waɗanda ke cewa tsayayyen shafi ya fi sauri, ya fi araha, kuma ya fi wuyar kutse tunda ba shi da ƙofar baya. Gaskiya ne. Shafin da ba a canza komai a cikinsa sai sau ɗaya ko biyu a shekara ba ya buƙatar CMS, kuma ɗora masa ita ƙarin kaya ne kawai.

Masu ra'ayi na huɗu suna ba da shawarar a bar tsohon shafi a koma dandalin haya irin su Shopify ko Wix, inda kamfanin ne ke kula da tsaro da sabuntawa. Sauƙin a fili yake, amma biyan kuɗin na wata-wata ne ko na shekara, galibi da lissafin dala, kuma kwashe kaya a bar dandalin daga baya ba shi da sauƙi.

Sai kuma wata damuwa ta cikin kasuwa da masu gina shafi ba su cika lura da ita ba. Ciniki a Kwari da Singa na tayi ne da sallamawa, kuma farashin mai sari dabam yake da na mai sayen ɗai-ɗai. Ɗan kasuwa ba ya son maƙwabcin shagonsa ya san nawa yake bai wa babban abokin cinikinsa, ba ya kuma son a ga sabon zanensa a kwaikwaya. Wannan ba hujjar ƙin CMS ba ce, domin ana iya nuna kaya ba farashi, a sa madannin da ke kai mai saye WhatsApp, ko a ɓoye farashin sari sai ga wanda aka yi wa rajista. Amma dole mai aikin ya fahimci yadda ake ciniki kafin ya zaɓi tsari.

Maganar kuɗi

Cewa WordPress kyauta ce gaskiya ne, amma manhajar kaɗai ake nufi. Akwai kuɗin hostin, wanda yakan ƙaru tunda WordPress tana buƙatar saba mai tafiyar da yaren PHP da rumbun bayanai. Akwai ladan mai aiki, da kuɗin koya wa ma'aikata, da na wasu fulogin da riguna da ake sabunta lasisinsu duk shekara da dala. Akwai kuma kuɗin kulawa, wanda shi ne aka fi mantawa a lissafi. Biyan kamfanonin waje ya yi wuya daga 2022, lokacin da bankuna da dama suka taƙaita ko suka dakatar da amfani da katin naira a ƙetare, kafin wasu su dawo da shi a 2025. Wannan na cikin dalilan da suka sa mutane da yawa ke zaɓar kamfanonin hostin na cikin gida masu karɓar naira.

Don gudun wannan kuɗi, wasu masu aiki suna saukar da fulogin da rigunan sata da aka fasa lasisinsu. Araha ba ta ado. Irin waɗannan ba sa samun sabuntawa, kuma sau da yawa an cusa musu ɓoyayyiyar ƙofa da masu kutse ke shiga ta ciki. Mai shafi yana da haƙƙin ya nemi a nuna masa jerin duk abin da aka ɗora da shaidar sayen waɗanda na kuɗi ne.

Tsaro da doka

Saboda yawan masu amfani da WordPress, ita ce masu kutse suka fi kai wa hari, kuma ba sa zaɓen babba ko ƙarami, na'urori ne ke zagaye intanet suna neman shafin da aka bari ba sabuntawa. Mafi yawan ɓarakar ta fulogin take zuwa. Shafin da aka kutsa ana iya cika shi da tallan caca ko na batsa, ko a yi amfani da shi wajen damfarar jama'a da sunan mai shi. Ga makarantar Islamiyya ko asibiti, wannan zubar da mutunci ne da ya fi asarar kuɗi. Rigakafin ba mai wuya ba ne: sabunta manhaja a kan kari, rage yawan fulogin, kalmar sirri mai ƙarfi, tabbatar da shiga ta mataki biyu, da ajiye kwafi a kai a kai a wajen sabar. Makullin HTTPS kuma ana samunsa kyauta daga Let's Encrypt.

Ta fuskar doka, da zarar shafi ya fara karɓar suna, lambar waya, adireshi ko bayanin ɗalibi da majiyyaci, ya shiga ƙarƙashin Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda hukumar NDPC ke aiwatarwa. Dokar ta buƙaci a sanar da mutum abin da ake karɓa da dalilin karɓarsa, a kuma tsare shi. Wanda zai karɓi kuɗi ta shafi, hanyar da ta dace ita ce ya bi ta kamfanonin biyan kuɗi masu lasisi irin su Paystack da Flutterwave, kada shafinsa ya ajiye lambar katin kowa.

Abin da ake sa ran zai biyo baya

Inda aka yi aikin da kyau, bayani zai riƙa tafiya daidai da kasuwa, kiran waya na tambayar ko akwai kaza zai ragu, kuma mai saye na nesa zai sami ƙarin natsuwa. Matasan da suka iya waya za su sami sabon aiki na ɗaukar hoto, rubuta bayanin kaya da kula da shafi. Rubutun Hausa a intanet ma zai ƙaru, tunda mai shago da kansa zai rubuta da harshen da yake ciniki da shi.

Inda kuma aka ɗora manhajar aka watsar, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tsayayyen shafi da aka manta da shi tsufa kawai yake yi, amma CMS da aka manta da ita ƙofa ce a buɗe. Dogaro da ƙwararre ma ba ya ƙarewa, raguwa yake yi: gyaran yau da kullum ya dawo hannun mai shafi, amma sabuntawa da gyaran ɓarna suna nan sai mai sani.

Kammalawa

Tambayoyi biyu ne ke yanke hukunci. Sau nawa abin da ke cikin shafin yake canzawa? Wane ne, da sunansa, zai zauna ya riƙa canza shi? Idan canjin na kowane mako ne kuma akwai mai yi, ɗora CMS ya dace, kuma a zaɓi mafi sauƙin hanyar da za ta biya buƙata. Idan babu mai yi, gara a gyara tsayayyen shafin a bar shi.

Duk wanda ya yanke shawarar yi, kada ya biya cikon kuɗi sai ya tabbatar da abubuwa biyar: domen da hostin suna kan sunansa da imel ɗinsa, an ba shi kalmar sirri ta babban matsayi, an miƙa masa kwafin tsohon shafi da na sabo, tsofaffin adireshi suna kaiwa ga sababbi, kuma an rubuta a takarda wanda zai riƙa kula da shafin da abin da za a biya shi a shekara. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kwari, Singa da Sabon Gari za su taimaka ƙwarai idan suka wayar da kan membobinsu a kan waɗannan sharuɗɗa, su kuma masu gina shafi su riƙa faɗin cikakken kuɗin kulawa tun ranar ciniki.